Kafintan da Malam Uba Ya Zaɓa

A ƙarshen layin gidajen da kamfanin kuza ya bari a bayan garin Riruwai, ɗaki ɗaya ne kawai hayaƙi ke tashi a ƙofarsa, shi ne na Malam Uba. Sauran duk a rufe suke, wasu ma ba ƙyaure, awaki ne ke shiga su fake idan hadari ya taso. A da layin nan ba ya rabo da hayaniya. Akwai Barebari, akwai mutanen Jos, akwai Zagezagi da Katsinawa, har da wani Bayarabe mai gyaran agogo. Da aiki ya tsaya sai aka riƙa watsewa da ɗai-ɗai. Yau wannan ya loda kayansa a a-kori-kura, gobe wancan ya zo sallama. Malam Uba ya raka kowa tasha, ya dawo shi kaɗai.

Shi Babarbare ne ta wajen uba, amma a nan aka binne cibiyarsa, ba shi da wani gari da zai ce zai koma. Injin jan ruwa ya kula wa kamfani da shi har gemunsa ya yi fari. Matarsa Kulu ta rasu bara waccan. 'Yarsu ɗaya tilo, Suwaiba, tana aure a Tudun Wada, gidan Sani malamin gona. Don haka rayuwarsa ba ta wuce masallaci, 'yar gonarsa ta masara a gindin dutse, da tukunyar da yake ɗorawa da kansa. Wata rana sai ya wuni bai yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar bayan salla.

A farkon daminar wata shekara, can ƙarshen shekarun tamanin, wata iska ta taso bayan la'asar. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya sai ya ji wani ƙara a ɗaki kamar an kifar da kwanuka. Ko da ya shiga, babbar tagar gaba ta faɗo ciki gaba ɗayanta, gilasai sun tarwatse a kan gado. Ya ɗaga katakon da ke zagaye da ita, sai ya ruguje a hannunsa kamar busasshen ƙosai. Ashe gara ta daɗe da cinye cikinsa, fenti ne kawai ke riƙe da shi. Ya je ya danna ta baya da yatsa, yatsan ya lume.

Ya toshe ramin da buhu da tsohuwar tabarma. Ruwan farko ya jiƙa masa katifa, na biyu ya bar shi da tari.

A haka Suwaiba ta zo ta same shi. Ta tsaya tana kallon buhun, ta kalli mahaifinta, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, don girman Allah ka tattara ka biyo ni. Ga ɗaki can a zaure, an shafe shi, ba kowa a ciki."

"Ki bar maganar nan, Suwaiba."

"To zaman me kake yi a nan? Ko kaza babu a layin nan."

"Ina da gona. Kuma ban tsufa da har zan tare a gidan suruki ba."

Ta san halinsa, ba ta ja ba. Ta share ɗakin, ta shanya katifar, ta yi masa miyar da za ta kwana biyu. Da za ta tafi ta ce, "Baban Hasana ya san wani mai walda, Ɗanliti. Shi ya yi mana tagoginmu. Zan sa ya turo shi." Baban Hasana shi ne mijinta, ba ta kama sunansa.

Ranar da aka ce Ɗanliti zai zo, Malam Uba ya tashi da wani kuzari da ya daɗe bai ji ba. Ya share gindin mangwaron da ke ƙofar ɗaki, ya shimfiɗa tabarma mai kyau, ya shiga gari ya sayo fura da goro. Da hantsi ya ji kukan babur. Ɗanliti saurayi ne mai fara'a, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, amma tun bai gama miƙewa ba ya zaro abin awo daga aljihu. Ya auna ta gaba, ya zagaya ya auna ta baya.

"Baba, katako ya wuce yayi," in ji shi. "Ƙarfe za mu sa maka, gara ta ci mu gani. Har da sanduna saboda ɓarayi."

"Me ɓarawo zai ɗauka a nan? Zauna ka sha fura tukuna."

"Wallahi Baba a gafarce ni, ina so in ratsa dajin Falgore da sauran rana, ga aiki na baro. Kai dai kada ka damu. Can shago zan haɗa komai, in ɗauko, kafin azahar na kafa na tafi. Ba za ka ma san na zo ba."

Ya karɓi goro ɗaya don kada a ce ya ƙi, ya tashi babur. Malam Uba ya tsaya har ƙarar ta ɓace a bayan dutse. Sannan ya zauna a kan tabarmar, ya dama furar, ya sha rabi, ya rufe sauran. Ba shi da abin da zai kushe wa yaron. Amma da direban motar Tudun Wada ya tambaye shi washegari ko akwai saƙo, sai ya ce a gaya wa Suwaiba a dakata da maganar ƙarfen, zai yi shawara.

Ranar kasuwa ya je wurin Idi, kafintan da duk garin ke yabo. Shagon cike yake da bencinan makaranta, ga mutane tsaye kowa da buƙatarsa. Idi ya ba shi wuri ya zauna, ya saurare shi da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen masu ciniki.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba, ba ni da sararin zuwa har can. Ka auno da igiya ka kawo mini, in na rage bencinan nan sai in haɗa, ka sa a ɗauka."

"To wa zai kafa?"

Idi ya sosa ƙeya. Ya leƙa waje, ya nuna da haɓa. "In ba gaggawa kake yi ba, ga Buba can. Bafulatani ne, da girmansa ya shigo sana'ar. Hannunsa ba laifi, amma fa sai ka shirya haƙuri. Shi kiwon katako yake yi, ba sassaƙa ba."

Waɗanda ke tsaye suka yi dariya. Malam Uba ya duba inda aka nuna. A bayan masu sayar da turmi, wani dogon mutum siriri ya kwantar da tsohon ƙyaure a ƙasa, ya tsuguna a gefensa yana shafa shi da tafin hannu, ba ya ko kallon masu wucewa. Malam Uba ya ƙarasa, suka gaisa, ya faɗa masa abin da ke tafe da shi. Buba ya ce sai ya gani da idonsa.

Washegari da safe ya iso a ƙasa, sanda a gicciye bisa kafaɗunsa, ya rataya hannuwa a kanta kamar mai bin garke. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa doguwa, ya tambayi gona, ya tambayi jiki, ya tambayi tarin da ya ji. Sannan ya shiga ɗakin. Ya daɗe a gaban ramin tagar. Ya ƙwanƙwasa bango, ya tono ƙasar gara da farce ya shinshina.

"Baba, ta ina ruwa ya fi bugowa?"

"Ta gabas, daga kan dutsen can."

"A ina kake kwanciya? Kana son iska ta same ka, ko ta bi ta samanka?"

Tun rasuwar Kulu ba wanda ya tambayi Malam Uba abin da yake so. Sai ya sami kansa yana bayani, daga maganar iska ya shiga ta yadda aka gina layin, da wanda ya zauna a kowane ɗaki. Buba ya saurara, yana tsince gilasan da ba su fashe ba yana jingina su a bango. Da Malam Uba ya kawo ɗumamen tuwo, Buba bai yi fulako da yawa ba, ya wanke hannu. Suna ci ne ya ji Malam Uba ya ambaci mahaifinsa da ya zo daga Borno.

Buba ya tsayar da loma. "Af! Ashe gidan bawana na zo ban sani ba."

Malam Uba ya ɗago kai. Rabon da wani ya yi masa wasan Fulani da Barebari tun layin na cike. Dariya ta ƙwace masa har tarin ya taso.

"Kai, ɗan nema! Kana cin tuwon ubangidanka kana kiransa bawa?"

Bayan sun wanke hannu Buba ya faɗi yadda zai yi. Zai nemo maɗaci busasshe, a jiƙa shi da baƙin mai saboda gara. Gilasan da suka tsira za a mayar, inda babu a sa katako. Kuma shi ba shi da shago, a nan gindin mangwaro zai yi aikin tun daga farko har ƙarshe.

"Zai ɗau lokaci fa, Baba."

"Kamar yaya?"

"Sai yadda katakon ya yarda."

"Na ba ka aikin," in ji Malam Uba.

Idi bai yi ƙarya ba. Buba ya yi kwanaki yana neman katakon da ya kwanta masa. Da ya samo, ya jingina shi a inuwa ya ce a bar shi ya huta. In zai yanka sai ya auna, ya ja layi, ya tashi ya je ya sake duba ramin, ya dawo ya goge layin. Kayan aikinsa kaɗan ne, zarto, guduma, gizago, magagari da wasu 'yan ƙarafa a cikin akwatin katako. Malam Uba kuwa ko a jikinsa. Kullum da safe yana share gindin mangwaro, ya ɗora tukunya da awon mutum biyu. Ya zama shi ne mai riƙe katako idan ana yanka, shi ne mai miƙa ƙusa. Idan ruwa ya sauko su kwashe kaya su shige ɗakin da ke maƙwabtaka, su zauna suna kallon yadda yake zuba daga kan kwano.

A irin wannan zaman ne Buba ya ba shi labarinsa. Da shanunsa, garke guda, gadon mahaifinsa. Shekarar da annobar shanu ta bushiya ta shigo, a gabansa suka riƙa faɗuwa. Ya ce da safe sai ya tarar da biyu ko uku a kwance, idanu na zubar da ruwa, ba sa ko iya ɗaga kai idan ya kira sunansu. Ta ƙarshe wata fara ce mai karyayyen ƙaho, wadda da nononta aka yaye ɗan farinsa.

"Bayan ta mutu, Baba, na yi makonni ina tashi da asuba in ɗau sanda in shiga daji. Ba komai a gabana. Sai rana ta yi tsaka in tuna."

Ya kai matarsa Turai da yara wurin danginta kusa da Yako, a ƙasar Kiru. Shi kuma kunya ta hana shi zama a rugar surukai hannu wofi, ya yi ta tafiya har ya sami wani tsohon kafinta ya koya masa aiki. Yanzu a zauren wani mai shayi yake kwana a cikin gari.

Malam Uba bai ce masa ya yi haƙuri ba, don ya san an faɗa masa har ya gaji. Sai ya ba shi labarin injin ruwansa, yadda ya san lafiyarsa daga jin kukansa kawai, da ranar da aka zo aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka loda a mota, shi yana tsaye da tsumman goge mai a hannu.

Suwaiba ta sake zuwa ana tsakiyar aikin, da faɗanta a baki. Tun daga tasha take shirya abin da za ta ce, ga damina ta yi nisa, ga wanda zai gama a wuni ɗaya an ƙi shi. Ko da ta shawo kwanar layin sai ta ji muryar mahaifinta yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Riƙe da kyau mana, haka ake yi wa ubangida aiki?" Ta tsaya. Ta ga ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga. Ta gaishe su, ta duba katakon da aka fara haɗawa, ta ce ya yi kyau. Har ta koma ba ta ambaci Ɗanliti ba.

Amma komai jinkirin Buba, aiki ya zo ƙarshe. Masara na fitar da gemu aka kafa tagar gaba, aka liƙe gefenta da siminti. Ba a daɗe ba aka kafa ta baya. Suna buɗuwa ba ƙara, suna rufuwa ba ko kafar da allura za ta bi. Buba ya sa sakata, ya gwada, ya tattara kayansa a akwati.

"Kafin ka tafi," in ji Malam Uba, "dubi ƙofar nan, tana jan ƙasa."

Buba ya gyara ƙofa. Da aka gama sai ga ƙafar gado tana rawa. Bayan gado, akwatin Kulu da murfinsa ya tsage. Bayan akwati sai Malam Uba ya ce ai tagar ɗakin maƙwabta ma ya kamata a duba, ko don awaki. Buba ya kalle shi, ya je ya duba ta. Da wannan ma ta ƙare, ba sauran abin da za a nuna. Suka yi sallama. Buba ya ce zai riƙa leƙowa.

Ya leƙo sau ɗaya, sannan aiki ya ɗauke shi zuwa wani ƙauye. Layin ya koma yadda yake, sai dai yanzu shirun ya fi na da nauyi. Malam Uba ya auna garin mutum biyu bisa kuskure, tuwon ya kwana ya lalace. Ya riƙa zama a gindin mangwaro yana kallon hanya, duk wanda ya ɓullo daga nesa da sanda sai ya miƙe tsaye, in mutumin ya matso ya ga ba Buba ba ne.

Wata safiya ya ɗauki wuƙa ya tsaya a gaban tagar baya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa bakin wuƙar ya ɓanɓare sakatar har ƙusoshinta suka fito, ya jefa su a cikin ciyawa. Ya shiga gari ya bar saƙo wurin mai shayi cewa sakata ta cire.

Buba ya zo da yamma, da alamar gajiya. Ya duba wurin, ya shafa sawun wuƙar da yatsa. Ya buɗe akwati ya mayar da sakatar, bai yi wasan da ya saba ba. Da ya gama ya juyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, in hira kake so, ka aiko a ce hira kake so. Zan zo. Ba sai an ji wa katako ciwo ba."

Malam Uba ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe shi, kuma kafin ya san abin da yake yi ta rikiɗe ta zama fushi.

"Ni kake faɗa wa haka? Ni zan zauna ina neman hirarka? Aikinka ne bai yi ƙarko ba. Dama an faɗa mini, ban ji ba. Wanda ya kasa riƙe shanun ubansa ina zai iya riƙe sakata?"

Maganar na fita ya so ya kamo ta. Buba ya rufe akwatinsa a hankali, ya sa takalmi, ya ce, "A tashi lafiya, Baba." Ya bi hanya bai waiwayo ba.

Aka yi makonni. Malam Uba ya karye masararsa shi kaɗai, ya ɗauko ta kaɗan-kaɗan a kai. Ranar kasuwa yakan bi ta bayan masu turmi kamar mai neman wani abu, amma wurin Buba wayam. Sau biyu ya kai bakin zauren mai shayi ya juyo. Ya shirya kalmomin da zai faɗa, ya sake shirya su, a kan hanyar masallaci, a gona, a gaban murhu. Mutumin da ya yi shekaru bai nemi gafarar kowa ba, bai san ta inda ake farawa ba.

Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, sai ga sallama da hantsi. Buba ne, akwati a ka, sanda a hannu. Malam Uba ya miƙe da sauri har ya tuntsurar da buta.

"Buba, maganar nan da na yi..."

"Baba, bar ta. Bawa ba ya ɓata wa ubangidansa rai har ya riƙe." Ya yi murmushi, ya sauke akwatin. "Sallama na zo yi maka."

Suka zauna. Buba ya ce ɗan'uwan Turai ya aiko. Garkensu ya farfaɗo, sun ware masa karsana biyu aro, irin yadda Fulani ke yi wa ɗan'uwan da ya rasa. Zai kiwata su, abin da suka haifa nasa ne, daga baya ya mayar da iyayen. Yana faɗa yana murza sandarsa, fuskarsa ta yi wani haske da Malam Uba bai taɓa gani ba duk zamansu.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Uba. "Allah ya sa albarka. Allah ya cika maka ruga." Da gaske yake, amma sai da ya yi gyaran murya kafin ya ƙarasa.

"Amin, Baba. Ga akwatin nan, ajiya na kawo. Ba zan iya bin shanu da shi ba, kuma zauren can ba tsaro. In an kwana biyu na zo in ɗauka."

Malam Uba ya ɗora tukunya, suka ci tare. Ya kawo wata hula sabuwa da Suwaiba ta saya masa tun sallar bara, ya ce Buba ya karɓa. Ya raka shi tasha, ya tsaya har motar ta cika, har ta tashi.

Buba bai zo ɗaukar akwatin ba, a ranin nan ko na bayansa. Sau ɗaya wani mai fataucin shanu da ya biyo ta Riruwai ya nemi Malam Uba a masallaci, ya ce wani Buba na wajen Yako yana gaishe da bawansa, kuma a faɗa masa karsana ɗaya ta haihu, mace. Malam Uba ya sa mutumin ya maimaita, ya tambaye shi launin 'yar maraƙar, da ko Buba ya yi ƙiba. Mutumin bai sani ba, saƙo kawai aka ba shi.

Akwatin na nan a ƙarƙashin gado. Lokaci-lokaci yakan jawo shi ya shafa wa zarton mai don kada ya yi tsatsa. Wata rana da azahar wata tsohuwa mai suna Balaraba, mai sayar da daddawa a bakin kasuwa, ta iso layin tana haki, da kujerar tsuguno a hannu, ƙafa ɗaya ta fita. Ta ce an gaya mata a nan Bafulatanin nan yake aiki.

"Ya koma kiwo," in ji Malam Uba.

"Wayyo ni! Duk wannan tafiyar a banza? Idi ya ce ba shi da lokacin kujera ɗaya."

Ta juya za ta tafi. Malam Uba ya dubi kujerar.

"Kawo in gani, Iya. Ban yi miki alkawari ba fa."

Ya jawo akwatin zuwa gindin mangwaro. Balaraba ta zauna a bakin tabarma ta kwance ɗankwali tana fifita, ta shiga ba shi labarin tsadar kalwa, da ciwon gwiwarta, da jikarta da aka kai asibitin Kano. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta tsaga katakon, sai da ya sassaƙo sabuwar ƙafa daga guntun maɗacin da ya rage. Har la'asar ta yi yana fama. Da ya ajiye kujerar a ƙasa, sabuwar ƙafar ta ɗan fi sauran tsawo.

Balaraba ta zauna a kai, ta karkata, ta gyara zama.

"Tana ɗingishi," in ji ta. "Amma ni ma haka nake. Akwai wani ƙyauren ƙofa a gidana, in ka ga za ka iya."

Ya ce ta bari sai bayan kasuwa. Ta ajiye masa ƙullin daddawa a kan tabarma, ta ɗora kujerarta a ka ta kama hanya. Malam Uba ya mayar da kayan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ya tattara ɓawon katakon don hura wuta, sannan ya ɗauki buta ya yi alwala.